Lambar ta yi kyau, amma me ta auna?

Lokacin da nake haɗa kundin digirina na biyu a nan Sakkwato, na ɗauko ma'aunin da Taylor da Betz, masana halayyar ɗan Adam, suka fitar a 1983, mai gwada yadda mutum ya yarda zai iya zaɓar wa kansa sana'a. Tambayoyi 50 ne tun asali, a 1996 aka rage su zuwa 25, kuma tushensu ra'ayin da Albert Bandura ya kawo a 1977, cewa abin da mutum ya yarda zai iya yana tasiri kan abin da zai tunkara. Da ɗaliban jami'a a Amurka aka gina shi. Ni kuwa 'yan aji biyar na sakandare zan kai wa.

Na fassara shi da Hausa, wani abokina da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, aka gwama, suka yi daidai. Na raba takardu cikin zafin watan Afrilu, yara na fifita da su kafin su cike. Da na zuba amsoshin a kwamfuta, lambar alfa ta Cronbach, wadda ke nuna yadda amsoshin tambayoyin suka dace da juna, ta haura 0.7 da ake nema. Baki har kunne na je wurin malamin da ke duba aikina.

Ya duba, ya cire tabarau ya ce, "Wannan ta nuna tambayoyinka tare suke tafiya. Ba ta gaya maka ina suka dosa ba. Koma ka zauna da yaran." Raina bai so ba, gaskiya. Amma na koma.

Ƙarƙashin dogon yaro muka zauna, ina karanto tambaya, su faɗi abin da suka fahimta. Wata yarinya, wadda malamanta suka ce ita ke ɗaukar na ɗaya, ba ta zaɓi na ƙarshe cikin matakan amsa biyar da ke gaban kowace tambaya ba ko sau ɗaya, wato "ina da cikakken tabbaci". Na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, abin da bai zo ba, wa ke da tabbacinsa? Sai dai in Allah ya so." Ashe abin da takardata ta rubuta a matsayin raunin zuciya, ladabi ne da tauhidi. Fassarar ba ta yi kuskure ba, kalmar ce take da wani nauyi a kunnen Bahaushe.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne, ɗan baduku. Tun yana firamare yake zaman rumfar babansa, ya san jar fatar akuya mai kyau da taɓawa kawai, yana yanka, yana ɗinka jaka, yana ciniki da fatake. Makinsa na ƙasa-ƙasa. Tambayoyin rubuta takardar neman aiki da zama gaban masu tantance ma'aikata ne suka kayar da shi. "Malam, wagga tambaya ta 'yan ofis ce," in ji shi. A duk ajin ban ga wanda ya san inda ya dosa kamarsa ba.

Na sauya "cikakken tabbaci" zuwa "zan iya sosai", na ƙara tambayoyi kan koyon sana'a a hannun maigida da shawara da iyaye. Sai malamina ya tuna mini cewa yanzu wani ma'auni ne daban a hannuna, dole a sake tantance shi daga farko, kuma ba zan gwama sakamakonsa kai tsaye da na wasu ƙasashe ba. Zango guda hakan ya ci mini.

Ranar da na kai sabuwar takardar, ɗan badukun bai zo makaranta ba. Abokansa suka ce an kawo wa babansa aikin jakunkuna da yawa, yana rumfa.