Godiya Bayan Kammala Maganin Baba

Alhamdu lillahi, ranar Talatar da ta gabata Baba ya sha ƙwayar ƙarshe ta maganin watanni 12, kuma a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina aka tabbatar mana ya warke daga kuturta. Waɗanda suka bi mu tun farko sun san wahalar da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ziyarar ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi. A lokacin Baba da kansa ya ware kwanonsa da modarsa, ya daina zuwa masallaci, ko jikokinsa ba ya bari su hau tabarmarsa. Ta zo duba fatar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ke zaune da mai ciwon, da ta gama sai ta zauna a gefensa ta nemi ruwa, ta ce a kawo mata a modar Baba. Ta sha a gabanmu, sannan ta ce, "Baba, tun da ka fara shan maganin nan ba ka sa wa kowa, ka bar yaran su zo." Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar.

Ita ce kuma ta kwantar mana da hankali lokacin da fatarsa ta yi duhu har aka fara raɗe-raɗin ciwon ya ci ƙarfinsa, ta bayyana mana cewa aikin clofazimine ne, ɗaya daga cikin ƙwayoyi ukun da ake bayarwa kyauta, kuma zai washe. Daga nan ta je wurin liman da mai unguwa ta yi musu bayani, har Baba ya koma sahu.

Ta roƙi kada in ambaci sunanta, amma Goggo ba za ta hana ni ba: kullum da magariba ita ke jiƙa masa ƙafafu, ta shafa man kaɗanya, ta duba ko ƙaya ta shiga inda ba ya ji. Allah Ya saka musu da Aljanna Firdausi, Ya raya zuriyarsu, Ya sa su gama da duniya lafiya.

'Yan'uwan da suka ɗauke ƙafa shekara guda, har yanzu Baba yana tambayar lafiyarku.