Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, na koma bakin aiki, barci ma ya dawo. Masu kira da masu saƙo, ku yafe mini shirun da na yi.

Da yawanku kun san aikina a nan Manchesta, hidimar tsofaffi. Cikinsu akwai waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, wanda ya ci rai miliyan 6. Akwai wata baiwar Allah da ta haura 90, tana budurwa aka kwaso su a jirgin ƙasa daga ƙasar Hangari zuwa Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, a 1944. Ruɗewar tsufa ta tafi da Turancinta da sunayen jikokinta, amma sansanin nan yana nan daram. Burodi take ɓoyewa ƙarƙashin matashin kai. In ta ji ƙarar shawa sai ta ƙanƙame hannuna tana kiran mahaifiyarta da yarensu, don a sansanin da sunan wankan shawa ake kai mutane ɗakin iskar guba, sai dai in yi mata wanka da roba da tsumma.

Sannu a hankali abin ya biyo ni gida. Mafarkin jirgin ƙasa, faɗuwar gaba, tsawa ga yara ba gaira ba dalili. Da 27 ga Janairu ta zo, ranar tunawa da kisan, talabijin ta cika da hotunan sansani, sai jikina ya ƙi.

Abban yara, Allah ya saka da Aljanna. Kai ka ɗauki girki da kai yara makaranta, ko sau ɗaya ba ka ce "ai ba ke aka yi wa ba". Wasu sun faɗa, na yafe musu.

Yaya, karatun da kike min ta waya daga Kano bayan asuba ya yi rana, kuma ke kika nace in haɗa da ganin likita.

Na gode wa likitar da ta zaunar da ni ta ce wannan ciwo sananne ne, mai yawan sauraron masifar wani yakan kwashi alamunta. Shugabarmu ta cire ni daga kwanan dare, ta kuma sa mana zaman tattaunawa, ashe ba ni kaɗai ba ce. 'Yar da tsohuwar ta haifa ma ta aiko da kati.

Matan unguwa masu tuwo da miyar kuka, kulolinku suna nan, zan kawo ranar Asabar in sha Allah. Allah ya bar zumunci.