Gwajin Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa da Yaranmu Masu Sikila

Ɗan ƙanwata yana da shekara 7 ranar da ya tashi da safe hannunsa na dama ya kasa riƙe kofin koko, bakinsa kuma ya ɗan karkace. Mahaifiyarsa ta saba da ciwon ƙashi da zazzaɓin dare, domin tun yana goye aka tabbatar mata yana da sikila, amma babu wanda ya taɓa faɗa mata cewa yaro ma yana iya samun shanyewar ɓarin jiki. Tana kuka ta ce mini, "Yaya, ai ni na ɗauka ciwon manya ne masu hawan jini."

Daga baya ne na fahimci abin da ya same shi. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje, su yi ta gurzar bangon manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, har bangon ya yi kauri hanyar ta tsuke. Kamar ruwa a tiyon da aka matse bakinsa, jinin sai ya ƙara gudu a wurin, kuma wannan gudun ne ake aunawa da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, ba allura ba zafi. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. In ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin 10 na masu sikila kan gamu da wannan larura kafin su cika shekara 20.

Tun a 1998 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Sai dai duk wanda ya taɓa zagaye dangi da maƙwabta yana neman leda ɗaya ta jini a Kano ya san cewa yin haka kowane wata, shekara da shekaru, ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Shi ya sa nake girmama aikin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala suka yi tare da takwarorinsu na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Sun bi yara 220 waɗanda gwaji ya nuna suna cikin haɗari, suka ba su maganin haidiroksiyuriya, wasu miligiram 10 wasu 20 a kan kowane kilo na nauyinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa shanyewar jiki ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu, ƙaramin awon ma bai gaza ba. Ga magani na haɗiya, kuma a garinmu aka gwada shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, shekara biyar ƙanwata tana kai yaron nan wani ƙaramin asibiti kusa da unguwarsu, a duba katinsa, a rubuta masa maganin ƙarin jini da na zazzaɓi, a sallame su cikin minti biyu. Ba na zargin ma'aikatan da mugunta, na ga layin da suke fama da shi. Amma da wani ya ce mata, "Baiwar Allah, akwai gwajin da ake yi wa yara masu sikila kowace shekara tun daga shekara 2, je ki wuri kaza," da ta je ko da za ta ranci kuɗin adaidaita.

Yanzu muna kai shi gashi sau biyu a mako, ƙafar ta warware sosai, rubutu kuwa da hagu yake koya. Ƙanwarsa ma sikila gare ta. An yi mata gwajin bara, Alhamdulillahi babu matsala, mahaifiyarta kuma ta rubuta ranar komawa da alli a bayan ƙofar ɗakinta.