Ranar da na koya wa Rails jam'in "ɗalibi"

Islamiyyar da na yi karatu ina yaro a Tudun Wada, nan Kaduna, ita ce ta nemi in haɗa mata 'yar manhaja. Abin da suke so bai da yawa. Kowane ɗalibi ya samu shafinsa, a ƙasan shafin kuma a sa fom ɗin da malami zai riƙa rubuta bayani: inda yaro ya tsaya a hadda, ranar da bai zo ba, abin da ya kamata a bita masa a gida. Na ɗauki Ruby on Rails, kayan aikin gina manhajar yanar gizo wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, don da shi hannuna ya fi sabawa.

Tun farko na ƙudurta da Hausa zan raɗa wa komai suna. Akwai samari biyu cikin tsofaffin ɗaliban makarantar da ke koyon rubuta manhaja, su za su gaji aikin, kuma ina so in sun buɗe su ga abin da suka sani. Abubuwa biyu manhajar za ta riƙa adanawa, na sa wa ɗaya Dalibi, ɗayan Bayani. A fayil ɗin hanyoyi, wato config/routes.rb, inda ake jera adireshin shafukan manhaja, na rubuta dalibai, na cusa bayanai a cikinsa, tunda babu bayanin da ke zaman kansa, kowanne na wani yaro ne.

Ina buɗe shafin sai ga jan rubutu na kuskure. Fom ɗin yana neman wata hanya mai suna dalibi_bayanis_path, ya ce bai gan ta ba. Ni dai ban taɓa rubuta "bayanis" ba. Na kwana biyu ina laluben fom ɗin, in cire wannan in mayar da wancan, ashe ba nan ciwon yake ba.

Daren na uku aka ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya kusa ƙarewa, sai na ce bari in daina hasashe in tambayi manhajar da kanta. Na buga rails routes, umarnin da ke jero duk hanyoyin da ta sani. Nan na ga abin da ya ɗaure min kai kwana biyu. Rails na da wani sashe da ke mayar da tilo jam'i, jam'i kuma tilo, amma da nahawun Turanci kaɗai. Da ta ga Bayani sai ta liƙa masa "s" a wutsiya. Da ta ga "dalibai" kuma ta rasa yadda za ta ciro tilonsa, sai ta bar shi a yadda yake, ta ɗauka irin kalmomin nan ne da tilonsu da jam'insu ɗaya. Shi ya sa lambar yaron take zuwa da sunan dalibai_id, ni kuwa dalibi_id nake jira. Fom yana kiran wani suna, hanya tana amsa wani.

Kuma in an yi adalci, wace ƙa'ida guda za ta iya da jam'in Hausa? Ɗalibi ɗalibai, gida gidaje, mace mata, aji azuzuwa. Mu da muka sha a nono ba ma ko tunani. Maganin layi biyu ne a fayil ɗin inflections.rb, inda ake gaya mata cewa jam'in dalibi shi ne dalibai, na bayani kuma bayanai. Sai dai fayil ne da ake karantawa lokacin tashi kawai, dole a kashe saba, wato abin da ke gudanar da manhajar, a sake kunnawa. Bayan haka teburan ma'adana, inda manhajar ke ajiye komai, su ma sai da na sauya musu suna, domin tun farko "dalibis" da "bayanis" aka ƙirƙira min ban lura ba.

Wani abokin aikina a Unguwar Rimi ya ce, "Ɗan uwa, da ka sa Turanci kamar kowa da duk wannan bai same ka ba." Gaskiya ya faɗa. Amma ban ga dalilin da zai sa in bar harshen masu abin saboda layi biyu ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya. Shafin kowane yaro ya riƙa faɗuwa yana kukan babu lambar bayanin da maɓallin gogewa zai nufa, har yaron da ba a taɓa rubuta wa komai ba. Dalili shi ne, don in samar wa fom sabon bayani marar komai, na gina shi ne daga cikin jerin bayanan yaron. Rails kuwa tana saka irin wannan cikin jerin nan take, tun ba a adana shi ba. Idan aka zo zayyano bayanai sai a ci karo da shi a ƙarshe, ba shi da lamba. Na koma ƙirƙirar sa daban da Bayani.new, shafin ya tsaya.

Ta ukun ba ta ɗauke ni lokaci ba. In malami ya tura fom babu rubutu, shafin sai ya yi shiru, babu gargaɗi. Tun Rails 7, wadda ta fito a Disamban 2021, wani kayan aiki mai suna Turbo ke ɗaukar fom, kuma ba ya nuna kuskure sai saba ta maido amsarta da lamba irin 422, mai nuna an ƙi karɓar fom ɗin.

Da na kai wa shugaban makarantar, ya daɗe yana duba wayarsa, sannan ya ce, "Ɗana, to iyaye fa? In suna da magana ina za su sa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, za a yi." Wannan na nufin amsa a cikin bayani, bayani a cikin ɗalibi, hawa uku ke nan, adireshi zai yi tsawo. Na yi amfani da shallow, wanda ke sa a nemi lambar uba, wato abin da aka cusa shi a ciki, wajen jerowa da ƙirƙira kawai, gyara da gogewa kuwa lambar abin ta isa. Kafin in taɓa fom ɗin amsa, sai da na fara rubuta jam'inta, amsoshi, na buga rails routes na karanta layi-layi.

Ranar Asabar da aka fara aiki da ita, malamin aji uku ya rubuta cewa wata yarinya ta kammala izu biyu. Kafin la'asar mahaifiyarta ta amsa daga Rigasa, tana tambayar surar da za su fara bita a gida.