Minti ashirin cikin dogon yaro

Jibi zan ɗaure kayana in bar makarantar da ta horar da ni malamin wasanni, bayan shekara 3 a Yamai. Duk jarrabawoyin da na yi babu wadda ta tsaya mini a rai kamar gasar neman hanya ta shekararmu ta biyu, inda ake neman tutocin da aka kafa cikin daji da taswira da busol, na'urar nan mai nuna arewa.

An ce za a yi ta cikin dajin dogon yaron nan da ya kewaye gari. Mushe, malaminmu, ya raba mana tsohuwar taswirar wurin, ya ce wanda ya so ya haddace ta, amma daga ranar kada ƙafar kowa ta taka can. Haka dokar take har a gasar duniya: a rufe filin, a fito da tsohuwar taswira don kowa ya gani daidai. Kwana goma ina kanta, santimita ɗaya mita 100, rawaya fili ne, kore sarƙaƙiya, fari kuwa, wanda ke ruɗa sabon shiga, itatuwa ne da ake iya gudu a tsakaninsu. Duk wannan halas ne.

Ana gobe gasa zuciya ta ci ni. Akwai wani kwazazzabo da nake shakkar ko damina ta canja shi, sai na hau babur na ratsa. Minti ashirin, ko tuta ɗaya ban gani ba. Ashe an gan ni.

Na zo na biyu. Gaban 'yan ajinmu Mushe ya ja layi kan sunana, ya ce: "Yarona, ƙafarka ta riga busol ɗinka zuwa." Na ce: "Mushe, ku yi haƙuri, ba tutoci na je nema ba." Ya ce wanda bai ga kwazazzabon ba sai ya tsaya ya yi tunani, ni kuwa ban tsaya ba. Gaskiyarsa, ban tsaya ba.

Sai dai wanda ya zo na ɗaya shi aka aika ya buga sabuwar taswirar, mai ɗauke da wuraren tutocin. Ban ce ya leƙa ba, Allah ne masani. Ba a dai tambaye shi ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne: ka san yawan takunka a mita 100, ka nisanta busol da waya da ƙarfe. Inda za a tura ni koyarwa, taswirar gasa da hannuna zan buga ta, ambulan ɗin da zan rufe ta a ciki kuma a gaban yara za a yage shi.