Kalmar da na tura sakin layi na biyar

Aikina na farko bayan na bar ɗakin gwaje-gwaje shi ne rubuta sanarwar manema labarai a ofishin yaɗa labarai na wata jami'a. Malami zai kawo maƙalarsa mai shafi ashirin, cike da jadawali da alƙaluma, ni kuma in matse ta ta koma shafi guda wanda ɗan jarida zai karanta a tsaye. Na ɗauka ƙaramin aiki ne.

Wata rana wata malama ta kawo binciken da ta yi a kan ɓeraye. Ta ba su wani sinadari da aka tato daga tsiro, sukarin jininsu ya sauka. A rubutuna na farko kalmar "ɓeraye" tana layin farko. Da na sake karantawa sai na ga ta rage wa labarin armashi, na ɗauke ta na kai ta can sakin layi na biyar. Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, tana nan ga mai son gani. Bayan kwana biyu na ji a rediyo ana cewa jami'armu ta gano maganin ciwon suga. Da hantsi wayar ofis ta yi ƙara. Wani dattijo ne, muryarsa na rawa.

"Yaro, in bar allurar da nake yi in jira wannan naku?"

"A'a Baba, don Allah kada ka bari. A kan ɓeraye aka gwada, ba a kai ga mutane ba tukuna."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ya sa ba ku faɗi haka ba?"

Ranar nan 'yan jarida na ɗora wa laifi, kamar yadda kowa a jami'a ya saba. Sai daga baya na karanta wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2014. Masu bincike daga Jami'ar Cardiff sun tattara sanarwa 462 kan harkar lafiya waɗanda jami'o'i 20 na Birtaniya suka fitar a 2011, suka gwada kowace da maƙalar asali da kuma labaran da suka biyo baya. A cikin sanarwar da ta shafi binciken da ba a kan mutane aka yi ba, kashi 36 cikin ɗari an rubuta su kamar a kan mutum aka gwada. Inda sanarwa ta yi wannan zuzutawa, kashi 86 cikin ɗari na labaran sun maimaita ta. Inda ba ta yi ba, kashi 10 ne kawai. Wato gishirin da muke zargin ɗan jarida da ƙarawa, sau da yawa daga teburinmu ya fito. Abin da ya fi ba ni kunya, nazarin bai ga wata hujja mai ƙarfi cewa zuzutawar tana sa a fi ɗaukar labarin ba.

Daga nan na fara jin tsoron wasu kalmomi. "Yana haddasa" da "yana da alaƙa da" ba ɗaya ba ne, ko da yake ta farko ta fi daɗin kanun labari. Haka ma "ya ninka". A 1995 hukumar kula da ingancin magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini. Gaskiya ne, amma ninkin daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka tsorata suka watsar da maganin, aka samu ɗaukar ciki ba shiri masu yawa, alhali shi kansa cikin yana ɗauke da haɗarin daskarewar jinin. Yanzu duk malamin da ya ce mini abu ya ƙaru da kashi kaza, tambayata ɗaya ce: daga mutum nawa zuwa nawa, a cikin mutum nawa? Wasu sai sun koma sun buɗe kwamfuta kafin su amsa.

Akwai kuma gaggawa. Shugabanni na son a ji sunan jami'a tun kafin maƙala ta tsallake tantancewar masana. Nakan tuna musu da Pons da Fleischmann, wasu masana kimiyyar sinadarai biyu waɗanda suka kira taron manema labarai a Jami'ar Utah a watan Maris na 1989 suka ce sun samar da makamashin haɗewar nukiliya, wato irin makamashin da rana ke samarwa, a cikin tulun gilashi ba tare da tsananin zafi ba. Ɗakunan gwaji da dama suka gwada, abin ya ƙi maimaituwa. Ba kullum ake saurare na ba.

Ban ce masana su kulle bakinsu ba. Yawancin bincike da kuɗin jama'a ake yin sa, kuma malamin da ya ƙi ɗaga wayar ɗan jarida ya bar fili ga mai tallan maganin ƙarya, wanda shi ba ya gajiya da magana. Malamar nan ta ɓeraye ta yi wata uku ba ta kula ni. Da ta gama bincikenta na gaba, da kanta ta hawo ofis, ta ja kujera ta zauna kusa da ni, muka rubuta sanarwar tare. Ta sa "ɓeraye" a kanun labarin, ta sa adadinsu a layi na biyu, ta ƙara jimla guda da ke cewa kada mai ciwon suga ya canza maganinsa saboda wannan sakamako. Jaridu biyu suka ɗauka, ɗaya ma a shafin ciki.