Talata a gareji: wutar cek da abin da sikana ta nuna

Hazo ya sauko tun asuba. In hunturu ya kama haka, wutar cek, wato wadda ke kamawa a allon mita in injin na da matsala, ita ce kan gaba wajen kawo mutane gareji, don ƙura da sanyi suna tona duk wata 'yar matsala da injin ke ɓoyewa lokacin zafi.

Motar farko Corolla ce 2006, 'yar Amurka, injin 1ZZ. Silo na rawa da safe, in ta ɗumama sai ta daidaita. Mai ita ya ce, "Malam, ka dai goge min wutar nan, sauri nake." Na ce, "Alhaji, gogewa minti ɗaya ce. Bari mu ji abin da motar ke faɗa tukuna."

Soket ɗin sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, yana ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, mai rami 16. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai kuma masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Ana jonawa mota a kashe, sannan a murɗa makulli zuwa ON ba tare da an tayar ba. Da aka jona, sikanar ba ta ko kawo wuta ba. Ba lalacewa ta yi ba: rami na 16 ne ke ba ta wutar batir, na 4 da na 5 kuma su ne as, wato negatif. Mita ta nuna sifiri a na 16. Toyota tana da fiyus na musamman mai amfiya 7.5 da aka rubuta wa OBD, shi ne ya ƙone. Aka sa sabo, ta kawo.

Lamba ɗaya ta fito, P0171, wato iska ta fi mai yawa a cikin injin. A nan ake yawan asarar kuɗi, don wani da ya ga lambar sai ya aika a sayo sensar salansa. Sensar nan rahoto kawai ta kai, ba ita ta yi laifin ba. Kafin a taɓa maɓallin gogewa, sai an buɗe hoton da kwamfutar motar ta ajiye na daidai lokacin da wutar ta kama: zafin ruwa, juyin injin, gudun mota. Na wannan ya nuna mota a tsaye, injin a silo, ruwa bai gama ɗaukar zafi ba. Da an goge lambar, da wannan bayanin ya tafi tare da ita.

Sai aka tayar, aka duba ƙarin man da kwamfuta ke yi don cike giɓi, wanda sikana ke rubutawa LTFT. Lafiyayyen injin ba ya wuce 10 sama ko ƙasa. Wannan yana kan +23 a silo. Da yaro ya taka totur ya riƙe a 2,500, sai ya sauko zuwa +6. Wannan saukar ita ce amsar. Iskar da ke sata ta wata kafa ba ta da yawa, a silo ne take da tasiri, in an buɗe totur sai ta ɓace cikin iskar da ke shiga ta hanya. Da a ce lambar hawa take yi in an taka, da famfon mai ko sensar iska za a tuhuma. An fesa ɗan man wanke kafireta a gefen manifol inda ya haɗu da kan injin, nan take silo ya canza murya, lambar STFT, wato gyaran man da kwamfuta ke yi nan take, ta faɗo ƙasa. Gasket ɗin roba ne, ya tsufa ya bushe, da sanyi ya tsuke ya bar kafa, da zafi ya kumbura ya toshe. Sanannen ciwon wannan injin ne. An canza shi, an ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe a kan Nm 30. Tunda an riga an kwance, an wanke sensar iska da feshinta na musamman, ba da fetur ba, ba a kuma taɓa siraran wayoyin cikinta da hannu ba. Bayan haka ne aka goge. An zaga da ita, LTFT ya tsaya a +3.

Wajen azahar aka kawo Accord 2008 mai silinda huɗu, wutarta ba tsaye take ba, ƙiftawa take. Mai ƙiftawa ba a ci gaba da tafiya da ita. Wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana dafa indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, kuma kuɗin indomi ya ninka na kwail sau da yawa. Lambar P0303 ce, silinda na 3. Aka ɗauke kwail na 3 aka kai na 1, aka goge, aka tayar. Ta dawo P0301. Ciwon ya bi kwail, magana ta ƙare. Da ya tsaya a na 3, sai a yi wa fulogi irin wannan musayar, sannan nozul, daga ƙarshe a auna kwamfireshan.

Wata Hajiya ta turo direbanta da Camry a kan wai injin zai buga. MAINT REQD ce kawai, tunatarwar juyen baƙin mai da ke kamawa duk mil 5,000. Ba ta buƙatar sikana. A kai allon mita kan Trip A, a kashe, a danne maɓallin mitar, a murɗa makulli zuwa ON ana danne har sifirai su jeru. Tsofaffin samfura a kan ODO ake yi.

Wanda ya ci mana lokaci dillali ne da Camry 2012 da zai nuna wa mai saye gobe. Lambobi biyu: P0420 da P0128. Ta farko, sensar bayan indomi tana hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt, alhali kamata ya yi ta kwanta wajen 0.6 zuwa 0.7. An ɗaga motar, an ƙwanƙwasa, gwangwani ne fanko, an riga an kwashe cikin. Ta biyu kuma an cire tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗau zafi, an haɗa fanka kai tsaye, aikin da har yanzu wasu ke ɗauka gata ne ga mota a ƙasar zafi. Ruwa ya kasa wuce digiri 70, alhali tamostat ɗin sai wajen 82 yake fara buɗewa. Injin da bai kai zafinsa ba mai yake sha, kuma baƙin mansa na saurin lalacewa.

Ya ce jiya yaransa sun cire kan batir, wutar ta mutu, yau ta dawo. Haka za ta yi. Irin waɗannan lambobin sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu a jere take kunna wuta, shi ya sa ake ganin kamar an yi nasara kwana ɗaya. Cire batir kuma yana share abin da motar ta koya na silo, wata motar har rediyonta ya kulle. Ga kuma abin da dillalai da yawa ba su lura da shi ba: motocin Amurka daga wajen 2010 suna ajiye lambar dindindin da sikana ko cire batir ba sa sharewa, sai motar ta gwada kanta ta ga an gyara. Ko an goge, shafin gwaje-gwajen motar zai nuna ba a kammala ba, mai saye da ya zo da makanike mai ido zai gane ba a daɗe da gogewa ba.

"To, oga, a ciro ƙwan mana." Na ce ba na yin wannan aikin. Mai sayen mota ya riƙa murɗa makulli zuwa ON kafin ya tayar: dole wutar cek ta kama tare da sauran, ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ya amince a mayar da tamostat da wayar fanka, indomi kuwa ya ce zai rage wa mai saye kuɗinsa.

Da la'asar wani ɗalibi ya zo da ƙaramar sikana ELM327 da yake haɗawa da wayarsa, yana mamakin ta ce babu matsala alhali wutar ABS ta birki na kunne. Yawancin manhajojin da ake amfani da ita da su injin kaɗai suke karantawa. ABS da jakar iska kowanne da kwamfutarsa, sai babbar sikana. Tamu ta nuna sensar tayar gaba ta hagu, wayar ta goge a jikin shokozoba. An bar ta zuwa gobe, sai an samo soket ɗinta a Ƙofar Ruwa.